Ranar da Na Gyara Kwamfutar Yaya Hadiza

Yayata Hadiza tana da ɗan buro a Gazawa, inda take buga wa mutane takardu. Ni kuwa lokacin na ɗanɗana Linux, tsarin kwamfutar nan na kyauta, ina ta wa'azinsa har wurin mai shayi.

Na ce, "Yaya, bari in sa miki shi. Ko yaro zai iya aiki da shi."

Ta ce, "Auta, kwamfutata lafiyarta lau."

"Ai ba ki ga lafiya ba tukuna."

Na naɗe hannun riga, na goge tsohon tsarin kakaf, na sa sabo. Kwamfuta ta tashi fes. Firinta kuwa ta ce sam ba ta san wannan baƙon ba.

Sai ga wani dattijo daga Gangara, ya zo a buga mashi katunan ɗaurin auren ɗansa. Na danna nan, na danna can, firinta ta ƙi bugawa. Yaya kuwa biro ta miƙo mini da tulin fararen katuna. Har la'asar ina rubutu, dattijon na tsaye a kaina: "Malam, gyara harafin nan."

Har yau in na shiga gidanta, sai ta ɗaga murya: "Ku dama wa Firinta fura, kada tawadarsa ta ƙare!"