Sai-Damina

Idi, aminina ɗan Tsibiri, ya cuce ni. Shi ya kawo labarina Maraɗi.

Zamanin Nasara ne, da bazara, ni da shi muka bi motar gujiya har Kwatano. Da hantsi muka je bakin teku, masunta na jan taru, mata na suyar kifi a gindin kwakwa. Na ga ruwa ya janye ya bar yashi fes. Sai na wanke babbar rigata, wadda marigayiya Inna ta kaɗa zarenta da hannunta, na shanya a nan.

Wata mai kifi ta yi ta yi mini nuni in ɗauke. Na ce, "Ƙyale ta, Idi. Ni ɗan bakin Gulbi ne. Ruwa in ya janye, sai damina."

Na yi barcina. Ina farkawa, ruwa ya dawo, riga ta tafi.

Idi ya tuɓe tasa ya sa mini, ya bar ni na yi kukana. Amma har yau duk unguwarmu ta Sabon Gari, Sai-Damina suke kirana.

Jiya na tare shi na ce, "Idi, kai mugu ne. Rigarka kuma tana adakata, ba ni maido ta."