Rasuwar Malam Riƙau, Hantsakin Ɗakin Haihuwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da ya ƙi bushewa, Babbar Ungozoma ta ƙaramin asibitin da ke ƙarshen layi take sanar da 'yan uwa da abokan aiki, da duk wanda aka yanke wa cibiya a ɗakin nan mai taga biyu, rasuwar amininta kuma abokin aikinta, Malam Riƙau, hantsaki mai kulle. Ya bar duniya ranar Alhamis kafin azahar, bayan shekara talatin da ɗaya a bakin aiki.

Ta ce a faɗa tun daga farko, kada a tura maganar can tsakiyar takarda inda ido ba ya kaiwa: abin da aka rubuta a fayil ɗin asibiti, wai tsufa ne ya ci haƙoransa, ba gaskiya ba ne. An fitar da wannan sanarwa ne don a wanke sunansa, ko da kuwa nata sunan ne zai ɓaci.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, ko suka haɗu da shi a ranar da ba su da wayon tuna kowa, ga kamanninsa. Wanda ya hango shi daga nesa zai ce almakashi ne, amma bai taɓa yanka ko zare ba. Aikinsa riƙo. Yana da zobba biyu, ɗaya na babban yatsa ɗaya na na tsakiya, a ƙarƙashinsu kuma wasu 'yan harsuna biyu masu haƙora hawa uku. In an matsa zobban sai haƙoran su shiga juna, ƙas, ƙas, ƙas. Daga nan mutum ya ɗauke hannunsa ya tafi wata hidimar, Malam Riƙau yana nan inda aka bar shi, bai sassauta ba. Su biyu ake ɗamke igiyar cibiya da su, a yanka a tsakani. Ɗan uwansa ke tsayawa ta gefen uwa, shi kuwa kullum ta gefen jariri, don can ne jini bai da yawan da za a yi wasa da shi.

Halinsa kowa ya shaida. Bai taɓa neman hutun shekara ba, bai taɓa shiga yajin aiki ba. Kullum sai an jefa shi cikin tukunyar dafa kayan aiki, ya fito da zafinsa ya koma tire ba tare da ya kai ƙarar kowa ba. Ya ji abin da mata ke faɗa a kan mazajensu lokacin da naƙuda ta kai naƙuda, zagi iri-iri har da wanda ba a san akwai shi ba, amma ko kalma ɗaya ba ta fita ta bakinsa ba. Aibinsa ɗaya, taurin kai. In ya kulle, ja da ƙarfi ba ya buɗe shi. Sai an ƙara matsawa kaɗan, a karkata zoben gefe cikin ladabi, sannan ya yarda ya saki. Sababbin ma'aikata da yawa sun yi zufa a gabansa, Ungozoma tana gefe tana danne dariya.

Maganarsa duka a duniya kalma uku ce, ƙas, ƙas, ƙas, kuma da ita shi da Ungozoma suka zauna lafiya. Ungozoma ba ta kallon hannunta in tana ɗamke cibiya. Haka aka koya mata, haka ta koyar: ido ya tsaya kan fuskar jariri da numfashinsa, kunne ya ƙirga haƙora. In ka ji uku, ka yanka. In ba ka ji uku ba, ko gobara ake yi kada ka taɓa almakashi. Ta sha korar ɗalibai daga bakin gado saboda sun sunkuya suna leƙen kullen, tana tambayarsu ko kunnen nasu ado ne. Tana alfahari da wannan ƙa'ida, kuma da gaskiyarta, don ba ta taɓa ba ta kunya ba sai ranar Talatar nan.

Da rana tsaka ne, fanka na juyawa, ana jin mai shara yana jan bokiti a baranda. Haihuwa ce mai sauƙi, 'ya mace, ta faɗo da kukanta. Ungozoma ta ɗamke, ta ji uku, ta yanka, ta kwantar da jaririyar a kan zane ta juya wajen uwar. Sai ta ji a bayanta, ƙas. Guda ɗaya tak, a hankali, irin ƙarar da yake yi in an buɗe shi. Alhali babu wanda ya taɓa shi.

Kafin ta waiwaya zanen ya jiƙe. Abokiyar aikinta, wadda kowa ke kira Mai Tabarau, ita ta kai hannu ta matse cibiyar da yatsunta, ta fizgi wani hantsakin ta kulle. Jaririyar ta yi fari fat, kukan ya koma ɗan siriri. Kwana huɗu ta yi a ƙarƙashin kulawa kafin aka ce ta tsallake. Malam Riƙau kuwa a ƙasa aka tsince shi, ƙarƙashin gado, baki buɗe.

Uban yarinyar ya zo ya yi faɗan da ya kamata uba ya yi. Shugaban asibiti ya nemi bayani a rubuce. Mai Tabarau ta rubuta cewa kayan aikin ya tsufa, haƙoransa sun cinye, ya saki da kansa. Ba ta gwada shi ba. Ta dai dubi shekarunsa, ta dubi matar da ta koya mata aiki, ta rubuta. Kowa ya sa hannu, har da Ungozoma, don a lokacin ita ma abin da ta ɗauka ke nan. Ta yi fushi da shi ƙwarai. Ta kira shi maci amana a gaban tire da almakashi, kuma wannan kalmar tana cikin abubuwan da ke hana ta sakewa har yau.

Amma zuciya ta ƙi yarda a jefar da abokin shekara talatin haka kawai. Ta naɗe shi a hankici ta kai wa ƙanin mijinta, mai gyaran agogo a bakin titi, ko zai iya fiƙe masa haƙora. Mutum ne da ba ya ganinta bai tsokane ta ba. Yana hango ta ya fara, wai yau kuma angon ƙarfen aka kawo asibitin agogo, ai da ma ya sha gaya wa yayansa cewa yana da abokin takara a cikin tire. Ya maƙala ɗan gilashin nan a ido, ya juya marigayin sama da ƙasa. Ya kulle shi a kan guntun fata, ya rataya masa tsohon agogon bango, ya girgiza. Ko gezau. Ya buɗe ya sake kullewa har sau biyar, kowane karo uku cif. Daga nan tsokana ta ƙare. Ya cire gilashin ya miƙa mata hantsakin.

"Yaya, kulle shi in gani."

Ta zura yatsunta kamar kullum, ta kau da kai kamar kullum, ta matsa. Ta ce masa ga shi nan, uku.

"Ɗaya ne, Yaya. Duba da idonki."

Ta duba, karo na farko a cikin shekaru masu yawa. Haƙorin farko ya shiga. Na biyu yana tsaye a kan tsini, bai faɗa ba, yana jiran ɗan motsi ya zame. Babban yatsanta na rawa a cikin zoben. Ta tattara ƙarfinta duka ta ƙara matsawa, yatsan ya ƙi. Ta daɗe da sanin murfin kwalba yana ba ta wuya, maɓallin riga ma sai ta yi ta fama, amma ba ta taɓa kawo wannan cikin lissafin aiki ba. Ta rantse masa ta ji uku, ranar Talata ma uku ta ji. Ya ce bai musa ba, kunnen da ya shekara talatin yana jin uku ai zai cika sauran da kansa. Ya naɗe mata hantsakin, ya raka ta har bakin titi, abin da bai taɓa yi ba.

Tun daga ranar ƙarar ta bi ta gida. Sauran biyun da ba su zo ba ranar Talata, su ne ke zuwa yanzu, a makare. Tana ɗora murfin tukunya, ƙas. Mijinta na kashe fitilar banɗaki, ƙas. Jikarta na rufe akwatin fensir, sai ta tsinci kanta a tsaye tana waige, tana neman zanen da ya jiƙe. Akwai ranar da take zaune ita kaɗai a falo da la'asar, ba rediyo, ba kowa, ta ji su sarai daga cikin jakarta, ɗaya bayan ɗaya. Ta buɗe jakar ta sami hantsakin a naɗe yadda ta bar shi. Ba ta gaya wa kowa ba sai yanzu. Tsoro ya kama ta, ba tsoron ƙarfen ba, tsoron kunnenta da hannunta, waɗanda gobe za su sake shiga ɗakin haihuwa tare da ita.

Ta yi kwana shida tana juya maganar. In ta yi shiru, fayil ya riga ya rufe, sunanta na nan fes, saura shekara biyu ta yi ritaya a yi mata walima da jawabi. Amma akwai mata goma sha ɗaya a jerin masu jiran haihuwa a watan nan, ta san su duka, wasunsu ma ita ta karɓi haihuwarsu. Ranar Laraba ta shiga ofishin shugaba ta ajiye hantsakin a kan tebur, ta kulle shi a gabansa iya ƙarfinta, ta bar shi ya ƙirga da kansa.

Shugaba mutumin kirki ne, amma mutumin takarda ne. Ya ce ya ji, ya kuma gode, za a rubuta mata ajiye aiki bisa dalilin lafiya, ba wanda zai ji komai. Ta ce to a mayar da Malam Riƙau cikin tire, lafiyarsa ƙalau, Mai Tabarau ta ci gaba da shi. Ya ce wannan kam ba zai yiwu ba. Rahoto ya riga ya tafi sama da sa hannun mutum huɗu, kuma doka ce duk kayan aikin da aka rubuta ya lalace sai an karya shi, don kada ya koma hannun wani bisa kuskure. In aka janye rahoton, Mai Tabarau ce za ta amsa tambayar dalilin da ya sa ta rubuta abin da ba ta gwada ba.

Haka aka yi. Ranar Alhamis mai kula da sito ya fitar da shi bayan gini, ya ɗora shi a kan dakalin siminti. Ungozoma ta tsaya a wurin, ta ce ba za ta bari ya tafi ba kowa nasa a kusa. Guduma ta farko ba ta yi masa komai ba. A ta biyu ya tanƙware. A ta uku harsunan suka rabu, kuma bai yi wata ƙara tasa ba, ta gudumar kawai aka ji. Ta roƙi gawar aka ba ta.

Marigayin ya bar ɗan uwansa na gefen uwa, wanda yanzu aka haɗa da wani baƙo mai sheƙi da ba su saba ba. Ya bar almakashi, da tire mai lotsattsen gefe, da tukunyar da ta dafa shi sau dubbai. Ya bar Mai Tabarau, wadda ta karanta wannan sanarwa kafin a fitar, ta yi kuka, ta ce a bar sunanta a ciki, ita ma za ta je ta faɗi nata da bakinta. Ya bar 'ya'ya da ba a san iyakarsu ba, cikinsu akwai direbobi, da malaman makaranta, da tela, da wani da yanzu yake gidan yari amma cibiyarsa ta warke lafiya. Ya bar autarsa, jaririyar ranar Talata, wadda aka ce ta fara murmushi. Ga iyayenta, Ungozoma tana cewa: ba ƙarfen ba ne, ita ce. Ba ta nemi a yafe mata a takarda ba, za ta zo har gida ta tsaya a ƙofa, in an ba ta izini ta shiga.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a bayan gidanta, gindin bishiyar gwaiba. Ba za a yi masa wanka ba, wanda ya sha a duniya ya ishe shi. Za a naɗe shi a sabon bandeji, a sa shi cikin gwangwanin da take ajiye zare. Mai gyaran agogo ne zai haƙa ramin, shi ya nemi a bar masa. Kada a kawo wani hantsaki a matsayin kyauta, ba inda za ta kai shi.

Za a karɓi gaisuwa a falo har kwana uku, kuma ba sai an yi sauri ba, daga yanzu kullum tana gida. Iyali suna da roƙo ɗaya ga mata masu zuwa da goyo. Tana ganin jariri za ta miƙo hannu, ba za ta iya hana kanta ba. Don Allah kada a ba ta a tsaye. A jira ta zauna, a ɗora mata shi a cinya, uwar kuma ta zauna kusa.