Tawagar Bawku da Tukunyar Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa da taron ƙungiyar 'yan kasuwa da aka yi a Salaga ba, ko da na so. Ni na rubuta musu manhajar rajista. Sakatarorin Yendi da Bawku su turo bayanan masu zuwa da XML, wato tsarin rubutun da kwamfuta ke karantawa, ita kuma ta fitar da adadin baƙi. Tsarin da na gindaya babu wuya: suna, gari, lambar waya. A ƙarshe na bar gurbi a buɗe don kowa ya cusa abin da ban hango ba (na yi ta gaya wa mutane haka ƙwararru suke yi).

Sai dai ban koya wa manhajar leƙa gurbin ba. Abin da ta sani ta ɗauka, wanda ba ta sani ba ta tsallake, ko tari ba ta yi.

Gwaggo Asabe, ƙanwar babana, aka ba girkin taron. Babban aikinta na farko ke nan, kuma ni na kai ta. Na ba ta adadin da manhajar ta fitar. Ta ce, "Ɗana, in ƙara shinkafa saboda tsaro?" Na ce, "Gwaggo, kada ki jawo wa kanki asara."

To, a Bawku babban mutum ba ya tafiya shi kaɗai. Sakatarensu bai ga inda zai sa 'yan rakiya ba, sai ya zuba su a gurbin nan, kamar yadda ni da bakina na ce a yi. Manhajata ta ƙirga Alhazan kawai.

Ranar taro ina bakin ƙofa da sabuwar riga, motoci suna ta amayar da mutane. Kafin azahar shinkafa da wake ta ƙare, dattawan Yendi da suka makara ƙanzo suka tarar. Shugaban ƙungiyar ya ɗauki lasifika ya ce, "Ina mai kwamfutar nan?"

Na fito da ƙarfina, na buɗe saƙon Bawku a babban allo don in nuna laifinsu ne. Sai ga sunayen 'yan rakiyar nan reras, har da direbobi. Kunya ta rufe ni, na tsaya ina gyara hular da ba ta karkace ba.

Na dai koyi cewa in ka ba mutane filin magana, sai ka tsaya ka saurara. Manhajar na gyara ta kafin la'asar. Gwaggo kuwa ba a sake ba ta girkin ba, kuma har yau a zango, unguwarmu, ana ce mata mai tukunyar da ba ta kai Yendi ba.