Gindin Kwalba da Farin Rawani

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta mutanen Dakoro ba za su bar ni ba. Har yau in na ratsa ta gaban masu shayi na bakin tasha, sai wani ya dafe hularsa da hannu biyu ya ce, "Jama'a, kowa ya riƙe kansa, ga Mushe nan tafe!" Ni kuma in yi yaƙe in ƙara sauri. To me zan ce? Ni na jawo wa kaina.

Tun ina ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, ba na ganin nesa. Abin da ke gaban hancina ina ganinsa tar, amma da mutum ya ɗan matsa sai ya koma riga mai tafiya. Da launin tufafi nake gane mutane, da irin takunsu, da murya. Babu abin da Inna ba ta gwada mini ba. Kwalli safe da yamma har na koma kamar amarya. Rubutu a sha, a shafe fuska da saura. Gasasshiyar hanta (wannan kam ban taɓa ƙi ba). Da na girma na zama malamin lakwal, aka koma kirana Mushe kamar yadda ake kiran kowane malamin boko a wajenmu, sai na je wurin mai baza tabarau a tabarma ranar kasuwa, tsakanin tocila da kwaɗon ƙofa, na yi ta ɗauka ina gwadawa ina ajewa. Wanda na saya ya sa ƙasa ta riƙa tasowa tana tarye ni, kaina ya yi ta sarawa, na jefa shi ƙasan akwati.

Sai ranar da daraktanmu ya leƙo ajina ya tarar ina zazzaga wa wata riga da aka rataye a bango faɗa, don ta ƙi tashi ta amsa tambaya, sannan ya ce lallai in tafi Maradi a duba ni. Likitar ido ta sa ni karanta baƙaƙe daga nesa, na karanta na saman kaɗai, shi ma da cinta. Ta ce hanya uku ce. Akwai wani siririn abu kamar ɓawon albasa da ake liƙawa a ƙwayar ido, amma da ta ji daga inda na fito sai ta girgiza kai, ta ce da yashin garinmu kwana kaɗan idona zai koma jan gauta. Akwai aikin da ake yi da haske a gyara idon gaba ɗaya, amma wannan sai an yi tafiya mai nisa, kuma ba da albashin Mushe ba. Saura tabarau. Ranar da na fara saka shi na fito waje, wallahi sai da na tsaya ƙyam a bakin titi. Ashe bishiya ganye ɗaiɗai gare ta! Na kusa yin kuka a gaban masu kabu-kabu.

Murnata ba ta kwana biyu ba, saboda Lawali.

Lawali ɗan gwaggona ne, wato taubashina, kuma kun san abin da ke tsakanin taubasai: ya zage ka ka rama, ya ƙwace maka hula ka ɓoye masa takalmi, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Yana ganina ya riƙe ciki ya durƙusa. "Wayyo Allah! Wa ya fasa kwalba ya liƙa wa bawana gindinta a fuska?" Kafin la'asar sunan ya zagaye unguwa. Gindin Kwalba. (Gaskiya dai gilashin yana da kauri. In na saka, idanuna sai su koma ƴan mitsi-mitsi can ciki.)

Duk wannan da sauƙi, da ba don Fassuma ba. A lokacin ina neman aurenta, kuma magana ta yi nisa har an sa ranar da baffana zai je ya ji amsar mahaifinta. Mahaifin nata kuwa babban mai dabbobi ne daga wajen Rumbu, mutum mai kwarjini, wanda ake cewa yana gane saniyarsa cikin garken wani tun tana can bakin daji. Gwaggo ta kira ni ɗaki ta ce, "Ɗan nan, ka ji ni da kyau. Mutanen nan ko rago za su saya sai sun buɗe idonsa sun duba. Ka je masu da wanga gindin kwalba, su ce makaho za su ba ɗiya. Ka ɓoye shi har a ɗaura, in ya so bayan nan ka saka goma." Fassuma ta san da tabaran, ta ce in bar shirme, babanta ba haka yake ba. Amma ni maganar Gwaggo ce ta zauna mini. Duk inda na ji ƙishin-ƙishin tsohon zai je, sai in zare tabarau in tura aljihu.

Ga kuma wani abu. Ban san fuskarsa ba. Duk zuwan da na yi gaishe shi, daga nesa nake tuɓe takalmi in tsugunna in sunkuyar da kai, kamar yadda ake yi wa suruki. Ba a kallon suruki a ido, ni kuwa ko na kalla ba gani zan yi ba. Da za a jera mini takalman garin nan, da na fitar da nasa. Fuska kam, sai dai Allah.

Ana saura ƴan kwanaki baffana ya je, aka yi ɗaurin auren wani abokinmu. Na ji tsohon zai zo, don haka tun daga gida tabarau yana aljihu. Na taho ina lalube, ina amsa gaisuwar mutanen da ban san ko su wane ne ba. Sai ga Lawali ya tsaya dab da ni, cikin shuɗiyar babbar riga da farin rawani, wai shi yau ya zama babban mutum. Bai taɓa naɗa rawani ba sai ranar. Ana cikin fatiha, kowa ya ɗaga hannu, ɗan banzan nan ya zare takalmina guda ya cilla saman rumfa. Aka shafa, aka tashi, ni kuwa ina ta ɗingishi da ƙafa ɗaya cikin rana, yashi yana gasa ni, samari suna ta ƙyaƙyatawa. Da ƙyar aka zunguro mini shi da sanda. Na ce a raina, Lawali, yau in ban kwance rawanin nan a gaban jama'a ba, ba a haife ni ba.

Na kasa zama. Aka miƙo goro na karɓa ban ci ba. Na zaga nan, na zaga can, ina ƙanƙance ido. Can sai na hango shi: shuɗiyar riga, farin rawani, ya ba ni baya, yana zaune a tabarma cikin mutane ya sunkuya kan ƙwaryar fura. Na ce madalla, Allah ya kama ka. Hannuna har ya kai aljihu zai ciro tabarau don in tabbatar, sai na tuna tsohon yana wurin, kada ya gan ni da shi. Ku ji fa irin wayona.

Na yi sanɗa. Na kama jelar rawanin na fizge, na juya hannu, naɗin ya warware duka ya biyo ni. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Kai bawan gidanmu! Wa ya ba ka izinin naɗa rawani ubangidanka yana raye?" Sannan na kai masa ɗan tafi a tsakiyar kai. Tas!

Tafin hannuna ne ya fara gaya mini gaskiya. Lawali suma gare shi, cunkus. Wannan kan kuwa sumul yake, da ɗan gumi, sai ƴar furfura a gefe.

Ludayi ya tsaya a hannun mutane. Daga can wani gefe na daban, nesa, na ji wani ya fashe da dariya har yana tari, kuma ko a kabari na san wannan dariyar. Lawali ne. Na sunkuyar da kai, idona ya sauka a kan takalman da ke gefen tabarma. Su kam na gane su.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zube a ƙasa, ina ƙoƙarin tuɓe takalmi da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma har yanzu yana riƙe da rawanin mutane. Garin haka tabarau ya zamo daga aljihu ya faɗi a kan tabarma, daidai gwiwarsa. Na ce, "Baba, ku yi mini aikin gafara, wallahi na ɗauka... na ɗauka..."

Bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki tabaran ya jujjuya shi, ya miƙo mini ya ce, "Saka. Saka ka ga wanda ka tuɓe." Na saka. Ranar na fara ganin fuskar mahaifin Fassuma, tar, har da jijiyar da ke harbawa a goshinsa. Ya karɓi rawaninsa ya naɗa a hankali, kowa yana kallo, ya sa takalmi ya tafi. Ko furar bai ƙarasa ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe sai in rasa inda za ni. Abinci ya ƙi shiga. Na kira Fassuma ta ƙi ɗauka, da ta ɗauka kuma abin da ta ce kawai, "Ban gaya maka ba?" ta kashe. Gwaggo ta bi Lawali da muciya, shi kuwa yana gudu yana rantsuwa ba shi ya ce tsohon ya sa shuɗi ba. Na tabbata na rasa yarinyar nan, kuma na ji zafin abin ƙwarai, don ina sonta ba da wasa ba.

Baffa ya ce ranar da aka sa ba za a fasa ba, kuma tare za mu, in je in ba da haƙuri da bakina. Na saka tabarau, tunda babu sauran abin ɓoyo. Muka tarar da tsohon a zaure. Na tsugunna can bakin ƙofa. Baffa ya yi ta jero ban haƙuri, shi kuwa yana jan carbi. Da Baffa ya gama, sai tsohon ya ce, "Da farko na ɗauka rashin kunya ce. Da ita ce, da ba ku zauna a tabarmar nan ba, don ba ta da magani. Ido kuwa yana da shi." Ya sa hannu a aljihu ya ciro wani tabarau mai igiya, ya ɗora a hanci. "Ni nan da kuke gani, yanar ido ce ta rufe mini gani, a Maradi aka cire ta. Da wanga nake karatu. Na ɓoye wa wa?"

Na ji kamar in nutse. Ya juyo wajena. "Yaro, rawani an kwance an naɗa, ya wuce. Abin da ya tsaya mini, Allah ya ba ka magani ka sa shi aljihu don kada in gani. In ka ɓoye mini idonka, mi za ka ɓoye wa ɗiyata gobe?" Na ce, "Babu, Baba. Wallahi babu." Ya daɗe yana kallona ta saman gilashinsa. Sannan ya ce wa Baffa, "Na ba shi. Amma da sharaɗi. Kada ya ƙara matsowa kusa da ni babu kwalaben nan a fuskarsa."

Yanzu ɗanmu na fari har ya fara tafiya. Tabarau kuwa da shi nake alwala in na manta, da shi nake barcin rana. Lawali yana nan yana kirana Gindin Kwalba, ina amsawa, kuma ban ƙara ɗaukar fansa a kan kowa ba sai na zagaya ta gaba na kalli fuska. Abin da na koya ke nan: kunyar da na guje wa ta gilashi biyu ce, wadda na sayo kuwa sai da gari guda ya taya ni ɗauka.

Surukina mutumin kirki ne, bai ƙara tayar da maganar ba. Sai dai duk ranar da na je gaishe shi, tun ina tuɓe takalmi a bakin zaure nake ganin hannunsa ya tafi a hankali ya dafe rawani, sannan ya ce, "Mushe, da su ka zo, ko in riƙe?"