Shitu Darakta da tallar raguna

Duk wanda ya taɓa zama majalisar mai shayi ta bakin tasha a Funtua ya san Shitu Darakta. Shi ya raɗa wa kansa sunan, shi ya buga shi a bayan riga. In ya fara zuba, har shayi ya huce ba mai tunawa da shi. Wai shi ne ya sa mota ta tashi sama a wani fim. Wai akwai ranar da ya tace fim guda cur da hannun hagu, dama tana riƙe da tsire. Wai manyan editocin Kano in kwamfuta ta ƙi musu, shi suke bugo wa waya suna magiya.

Maganar gaskiya, yayarsa Rakiya ce edita. Ita ta je Kano ta koyo aikin tace bidiyo, ta dawo ta buɗe shago. Shitu dai kullum yana shagon, yana juyi a kan kujera mai taya.

Ana saura kwana huɗu Babbar Sallah, Rakiya ta tafi suna Bakori, ta bar shi ya tsare shago. Da hantsi sai ga Alhaji Mamuda mai raguna ya shigo, da dillalinsa Malam Ilu. Rakiya ta riga ta haɗa masa talla: ga Alhaji yana bayani, ga wani ƙaton rago mai ƙaho uwa na ɓauna ana nuno shi tsakani. Saura kawai a sa lambar waya.

Alhaji ya ce, "Ina Hajiya Rakiya? Yau nake son tallar nan ta shiga wayoyin mutane. Raguna tamanin ke gare ni a turke, suna cinye min dusa."

Shitu ya juyo da kujera a hankali. "Alhaji, ai ka taki sa'a. Rakiya a hannuna ta koya. Me ake so?"

"Lambata nake so ta fito tana ɗan motsi."

"Ɗan motsi? Ranka ya daɗe, zan sa ta taso daga gabas, ta yi juyi uku, ta sauka tana walƙiya. Minti biyar."

Ya gyara zama, ya ƙwanƙwasa yatsu ƙas ƙas. Sai ya lura wayarsa ta kusa mutuwa. Ya laluba bayan kwamfuta, ya zare wata igiya, ya soka cajarsa. Igiyar kuwa ta ɗan baƙin akwatin nan ce da Rakiya ke ajiye dukan bidiyoyinta a ciki.

Nan take fuskar kwamfuta ta yi jawur. Ba Alhaji, ba rago, sai wani rubutu jere da harsuna kala-kala.

Malam Ilu ya leƙo. "Darakta, ina ragon ya shiga?"

Bakin Shitu dai bai mutu ba. "Zafi ne. Kwamfutar nan 'yar ƙasar sanyi ce, in ta ji ranar Funtua sai jininta ya hau."

Ya ɗauko kwali ya miƙa wa Ilu ya ce ya yi mata fifita. Ilu ya duƙa yana ta faf faf faf. Shi kuma Shitu ya hura mata iska ta gefe, ya bubbuga ta, ya kashe, ya kunna, ya yi mata 'yar addu'a a ɓoye. Ja dai na nan. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Can Ilu garin fifita ya hango igiya tana reto.

"Wannan wutsiyar fa, haka take zama?"

Shitu ya fizge ta ya mayar. Sai ga Alhaji da rago sun dawo tar.

"Ka gani ko? Da gangan na cire ta don injin ya sha iska. Sirrin aiki ke nan."

Yanzu kansa ya ƙara girma. Ya kama maus, linzamin kwamfuta, ya shiga jan abubuwa. Ya ja wannan layi hagu, ya tura wancan dama, ya danna duk madannin da ya yi masa kyau a ido. Bai san layin sama na hoto ne, na ƙasa na murya ba, kuma tuni ya raba su, ya tura muryar gaba. Ya rubuta lamba, ya zuba mata duk wani ado da ya gani a jere.

"Alhaji, gyara hula. Yau za ka ga aiki."

Ya danna.

Alhaji ya fito a fuskar kwamfuta cikin babbar riga fara ƙal, ya yi murmushi, ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Mbeeeee."

Sai hoto ya koma kan rago. Ragon ya ɗago kai, yana tuƙa, ya dubi jama'a, ya ce da murya mai nauyi, "Assalamu alaikum. Ni ne Alhaji Mamuda. Shekarata ashirin a kasuwar nan, kowa ya san ni."

Malam Ilu ya cusa kwali a baki. Hoto ya dawo kan Alhaji, ya ɗaga hannu da ƙasaita, ya sake cewa, "Mbeee." Rago ya karɓa: "Ku zo ku duba da idonku. Ga ƙiba, ga lafiya, ba a taɓa mayar min da kaya ba." Sai ga lambar waya ta faɗo daga sama a kife, tana juyi kamar farfela, ta sauka daidai kan hancin Alhaji, ta ƙi tsayawa.

Ilu ya zube ƙasa. Yana dukan siminti, hawaye na zuba, yana cewa, "Wayyo cikina. Alhaji, wallahi ya fi ka iya talla."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya miƙe tsaye. "Shitu, ni ka mayar rago?"

"Alhaji, salo ne. Shi ake yayi a ƙasashen waje."

"Mayar min da muryata bakina. Yanzu."

Shitu ya danna nan, rago ya koma magana da sauri kamar mai gwanjo. Ya danna can, kukan Alhaji ya ƙara tsawo. Ya ga ba mafita. Ya zaro waya, ya yi gyaran murya.

"Bari in kira wata ɗalibata. Ba wai ban sani ba, so nake in gwada ta, in ji ko tana riƙe karatu."

Ya buga wa Rakiya, ya juya baya, ya rufe baki da hannu. Ya manta tun safe wayarsa na haɗe da manyan sifikun shago, da su yake jin waƙa. Ya yi raɗa, "Yaya, taimake ni. Alhaji na kuka, rago na magana."

Muryar Rakiya ta fito ta sifika, har tagogi na rawa.

"Shitu, kwamfutata ka taɓa? Kai da ko kunna ta sai na nuna maka maɓalli? Sau nawa zan gaya maka kar ka wuce kan kujera? Ɗauke hannunka, ina hanya. Shara na ce ka yi kafin in dawo. Ka yi?"

Shitu ya tsaya ƙiƙam, waya a kunne. Ilu ya riga ya daina numfashi don dariya.

Alhaji ya waiga, ya hango tsintsiya a bayan ƙofa. Ya ɗauko ta da kansa, ya kakkaɓe ta, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Darakta, ɗalibarka na tambaya. Ka yi sharar?"