Rasuwar Gwaggo Baƙa, Tukunyar Kalwata

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, da hanci kuma a toshe, ni Azumi mai daddawa ta Birnin Gwari na sa Malam Ja'afaru ya rubuta wannan takarda, domin sanar da dangi da maƙwabta da fataken da ke sayen daddawata rasuwar tukunyar kalwata, wadda duk gida ke kira Gwaggo Baƙa. Ta rasu ranar Talata bayan la'asar, a kan murhunta, tana tsakar aiki, bayan damina goma sha tara a hannuna.

Wata Bagwariya mai ginin tukwane ta wajen Tabanni ce ta gina ta, a shekarar da fara ta cinye gero. Ita ce kuma ta yi mata murfi na kasko mai ɗan rami a ka, wanda ɗan yatsa ba ya shiga. Ranar da na je ɗauka ta zaunar da ni ta yi mini wasiyya: in liƙe bakin murfin da laka yadda nake so, amma ramin nan hancin tukunya ne. In ɗora masa tsakuwar da ba ta kai ƙwan zabo nauyi ba, in tsokace shi da tsinke kowace safiya, in juya shi wajen katanga, ba wajen mutane ba. Ban taɓa saɓawa ba.

Marigayiya mai haƙuri ce. Tana ɗaukar kalwa kwando uku, ta yini a kan wuta ba ta ƙosa ba. In zafi ya cika mata ciki sai tsakuwar ta hau rawa, ka ji ƙar-ƙar-ƙar, sannan fiii, ta huce abinta. Da wannan kukan nake sanin lokacin rage itace ko ina bakin rijiya. Da ita na ciyar da 'ya'ya huɗu shekarar da mai gidana ya kwanta da ciwon ƙafa.

Ba ta yi jinya ba. Ajalinta ya zo ne daga Kusasu da ƙafafunsa, sunansa Abarshi, ƙanin mai gidana, wanda ya zo yin kwana uku ya share wata biyu. A ranar da abin ya faru na tafi daji ɗebo ganyen rufe daddawa, shi kuma yana kwance a rumfa. Kukan tukunya ya hana shi barcin rana. Sai ya tashi ya kwashi ɗanyen kashin shanu a bayan danga da hannunsa, ya cusa a ramin, ya shafe bakin murfin da ragowar, ya ɗauko dutsen niƙa ya danne, ya ƙara itace, ya koma ya kwanta.

'Yata Furera tana daka kusa da murhu, ta juya baya. Ta ce ta ji Gwaggo ta yi shiru, sai wani gurnani can ciki, huuum, irin wanda ba ta taɓa yi ba. Kafin ta ajiye taɓarya sai gum.

Na dawo na tarar da Furera a zaune a ƙasa, tafasasshen ruwa ya saɓule mata fatar ƙwauri. Kalwar da muka yi wata guda muna tarawa daga ɗorawar daji ta watsu a jinka da rumbu da shimfiɗu, gauraye da kashin shanu. Abarshi kuwa yana tsugune yana tsintar kalwa a ƙasa, yana hurewa yana jefawa a baki, da hannun da bai wanke ba. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Matar Yaya, ai ta nuna." Na juya na yi amai a gindin turmi.

Da wansa ya tsare shi, ya ce itace yake tattala mini. Da maƙwabta suka taru, ya ce aljanu ne. Yau kwana huɗu ke nan, abin da ya maƙale a jinka ya ruɓe, tsutsotsi na faɗowa cikin ƙwaryar tuwo, ƙudaje sun hana mu zaman tsakar gida. Ni da nake kwana da warin daddawa tun ina budurwa, wannan ya fi ƙarfina.

Marigayiya ta bar duwatsun murhu uku, da muciya, da turmin da ke surfa mata kalwa. Murfinta ya bi ta nan take. Tsakuwar an tsince ta a gidan maƙwabta, lafiya lau. Furera na samun sauƙi, amma mai magani ya ce tabon ba zai tafi ba.

Za a binne tsingaronta gobe Asabar da hantsi a gindin ɗorawar da ke bayan ganuwa. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida, don ciki ba ya zaunuwa. Abarshi ne zai ɗauki kwandon a ka, shi zai haƙa ramin. Wansa ya riga ya ɗaure masa tabarmarsa da gorarsa, za a kai masa can, domin daga gindin ɗorawar hanyar Kusasu ta fi kusa.