Barkono a Lagireto

Sanyi ya fara shigowa Bronx, ganye na zuba, sai na lura ruwan lagireton motata yana raguwa. Matata Hadiza ta ce in kai gareji. Na yi murmushi irin na manya. Ni da na shekara uku ina bin motar kawuna tsakanin Maraɗi da Kano? Can idan lagireto na yoyo, garin barkono ake zuba masa, ya toshe kafar, a wuce.

Na ɗebi cokali huɗu daga barkonon da surukata ta aiko mana, na ƙara na biyar saboda motar Amurka ce.

Ranar Asabar muka kama hanyar gidan suna a Morrisania, kowa ya ci ado. A Fordham Road Hadiza ta ce, "Baban Amina, kunna hita, yara na rawar sanyi."

Na kunna. Ashe yoyon a cikin hitar yake. Tururi ya buso, Amina ta fara atishawa, ƙanenta ya karɓa, kwallin Hadiza ya gangaro har haɓa. Ni kuwa ina hawaye ina cewa, "Ku daure, aiki yake yi."

Muka isa ido jajur, har mai jego ta tambaya ko rasuwa aka yi.

Daga baya dole na kai motar gareji. Bakaniken, wani ɗan Kumasi, ya sunkuya ya shinshina lagireton, ya ce, "Alhaji, saura albasa da gishiri."

Har yau, in miya ta yi lami, hannu Hadiza take miƙo min: "Ba ni makullin mota."